Sanyi ya fara sauƙi a nan Ingila, wane zare zan saya na koma saƙa?

Maman Ilham (Bradford):
Salam 'yan uwa, dan Allah masu saƙa ku zo ku ba ni shawara. Aikin kula da tsofaffi nake yi, shif ɗin dare awa goma sha biyu, kuma tun Janairu ma'aikata suka yi ƙaranci, manaja kullum waya "ko za ki iya rufe mana gobe", na dawo gida jiki ya mutu amma barci ya ƙi zuwa kai sai lissafi yake. Shi ne na tuna da saƙar da na koya wajen yayata a Zariya, hular jarirai da safa, na ce bari na koma ko hankalina zai kwanta. To matsalar yanzu hunturu ya kusa wucewa, furannin dafodil duk sun fito a bakin titi rawaya shar, har a kantin Tesco ana sayar da ƙunshinsu, ƙarfe shida na yamma ma da sauran haske, Lahadin ƙarshe ta Maris kuma za a tura agogo gaba. Ulu mai kauri zai yi amfani kuwa? Ko na jira Oktoba? Sannan maƙwabciyata Baturiya ta cika gaban gidanta da tukwanen fure da zomaye na roba da ƙwai masu kala saboda Ista, namu gaban gidan kuwa ba komai sai kwandon shara, yara sun dame ni mu ma mu yi ado, me zan sa?

Hajiya Turai (Maryland):
Wa alaikis salam 'yata, sannu da aiki Allah ya ba da lada. Kar ki jira wani Oktoba, ai yanzu kike cikin gajiyar. Ki nemi zaren da aka haɗa auduga da akirilik, mai kaurin DK wato matsakaicin kauri, da allura mai milimita 4. Auduga zalla ba ta miƙewa, in hannunki ya riga ya gaji da ɗaga tsofaffi za ki ji wuyan hannu na zafi, ni shi ya sa na bar ta sai dai in tsumman wanke kwano zan yi. Kuma kar ki fara da suwaita, ranki zai ɓaci kafin ki kai hannun riga, ki yi abin da zai ƙare a zama biyu ko uku, hula ko ɗan bargon jariri mai sauƙi wanda ba sai kina ƙirga ido ba. Asibitocin haihuwa a can wajenku da yawa suna karɓar hulunan bakwaini, sai dai ki tambaye su tukuna don suna da ƙa'ida, zare mai laushi wanda zai jure wanki, ba ribon ba maɓalli. Maganar ado kuma ni dai ban sa zomaye da 'yan gumakan nan masu jar hula a ƙofata, fure ya ishe ni. Nan ma itatuwan ceri na Washington sun kusa buɗewa, waɗanda Japan ta kawo kyauta a 1912, cunkoson masu kallo sai wanda ya gani.

Sadiq_Wpg:
Ku kuna maganar fure mu a Winnipeg ta Kanada har yanzu ƙanƙara ce jibge a bakin hanya ta yi baƙi ƙirin, alamar sauyin yanayi a nan ita ce ramuka a kwalta da dinyoyin nan masu kuka suna dawowa daga kudu, sai kuma a fara zancen ko kogin Red River zai cika. Aunty ki fara duba takardar haya kafin ki kafa wani abu a bango ko ki haƙa ƙasa, wasu masu gida ba sa wasa. Tukunya dai ba mai hana ki, ki sa na'a-na'a a ɗaya, ga ado ga shayi, amma a tukunya kawai don in ta shiga ƙasa sai ta cinye filin.

Ummi Kano:
Hhhh wai sanyi ya yi sauƙi, mu nan zafi ya fara gashi ga mangwaro ya shigo, ko kallon ulu ba na son yi wlh. Amma Maman Ilham gwada kwarashi mana, ya fi sauri kuma ido ɗaya ne a kan ƙugiya, za ki iya jefa shi a jaka ki yi a bas ko lokacin hutu ba fargabar ya warware. Ki saƙa wa yaran 'yan tutoci masu kala ku rataya a taga, kin jefi tsuntsu biyu kenan.

Maman Ilham (Bradford):
Na gode sosai wlh. Hajiya hular bakwainin nan ta shiga raina, ido nawa ake ɗorawa a farko in da DK ne? Ummi kwarashi ban iya ba sai kin koya min ta bidiyo, amma ba ranar Laraba ba ina da shif.