Satifiket ɗin kwas na intanet yana samar da aiki kuwa?

Tambaya: Salamu alaikum jama'a. Mai son koyon nazarin bayanai ta intanet, ta ina zai fara? Kuma masu ɗaukar aiki suna ganin ƙimar satifiket ɗin?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Takardar tana taimakawa, amma abin da hannunka ya iya ake dubawa. Fara da Excel (manhajar jadawali da lissafi), sai SQL (harshen zaƙulo bayanai daga rumbun adana su), daga baya Python (harshen ba kwamfuta umarni). Kada ka haɗa su lokaci guda, a nan mutane ke sarewa. Ware awa ɗaya kullum: minti 20 na kallon darasi, minti 40 na gwadawa da kanka. Mai kallon bidiyo zalla gani yake ya gane, sai ranar da aka miƙa masa jadawali mai guraben da ba a cike ba da sunayen da aka maimaita, ya tsaya cak.

Amsa ta 2: Gaskiya ne. Ka kammala ayyuka 3 da bayanan gaske, ka ɗora su a GitHub (shafin intanet na adana ayyukan manhaja da nuna su), kowanne da gajeren bayanin tambayar da ka amsa. Wannan za ka nuna a intabiyu.

Amsa ta 3: Ɗan'uwa, lura da data. Sauke bidiyon darasin jawabi a ƙaramin ingancin hoto na 360p, amma na rubuta umarnin kwamfuta sai 720p, in ba haka ba haruffan dishi-dishi za ka gani.