Neman shawara: me zan ce wa ɗalibaina game da ƙafar fengwin da ba ta daskarewa?

Mai tambaya, malamar firamare a Katsina:
Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Ina koyar da kimiyya a aji biyar a wata makarantar kuɗi da ke wajen Ƙofar Ƙaura. Ajin ba nawa ba ne tun asali, na karɓe shi ne a tsakiyar zango bayan malamar da ke riƙe da shi ta tafi hutun haihuwa, kuma ba ta bar mini ko takardar shirin darasi ba. A makon jiya, ganin yadda hunturu ya tsananta har yara suna zuwa da faso a ƙafa, sai na yi musu darasi kan yadda dabbobi ke jure sanyi. Na nuna musu hoton tsuntsun fengwin a wayata, na ce kitse ne ke kare shi. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to ƙafarsa fa da ke kan ƙanƙara, ai ba gashi ba kitse?" Na ce mu bari sai wani lokaci. Yanzu mahaifinta ya yi wa shugaban makaranta magana, shi kuma ya ce zai shigo ajin ranar Talata. Don Allah mece ce amsar, kuma yaya zan faɗe ta yadda yara za su gane?

Malamin bayoloji, Rafin Daɗi:
Wa alaikumus salam. Malama, tambayar yarinyar nan ita ce ainihin darasin. Nau'in emfara, wanda ya fi kowane fengwin girma, yana hayayyafa a Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can kudancin duniya, a tsakiyar lokacin sanyi, inda ma'auni ke sauka zuwa digiri 40 ƙasa da sifili. Kitsensa kan kai kaurin santimita 3, amma amfaninsa ya fi fitowa a cikin teku. A kan ƙanƙara gashi ne ke yin mafi yawan aikin: na waje gajere ne mai tauri da ke hawa kan juna, yana shafa masa man da ke fita a gindin wutsiyarsa, a ƙarƙashi kuma akwai lallausan gashi mai riƙe iska. Ita ƙafa, tsarin jini ne ke tsaronta. Jijiyar da ke sauko da jini mai ɗumi tana manne da waɗanda ke mayar da jini mai sanyi zuwa sama, saboda haka ɗumin yana tsallakawa tsakaninsu tun kafin a kai tafin ƙafa. Jinin da ya isa ƙasa ya riga ya huce, babu zafi mai yawa da ƙanƙara za ta sha, wanda ya koma ciki kuma ya riga ya ɗumama. Ƙafar tana zama da sanyi ƙwarai, amma kaɗan sama da matakin daskarewa, alhali cikin jikin yana wajen digiri 38. Tsokar da ke motsa ƙafar ma tana can sama cikin ɗumi, agara ce ke jan yatsun, kuma idan sanyi ya yi tsanani sai ya jingina da dunduniya da wutsiya ya ɗaga yatsunsa.

Hajiya mai kiwon kaji, Daura:
'Yata, ki ce musu kawai haɗuwa suke yi wuri ɗaya kamar 'yan tsaki, yara sun san wannan. Sai dai ni wannan haɗuwar ce ta karya ni bara. Garwashin da na sa musu ya mutu cikin dare, yaron da ke kwana wajensu bai farka ba, da asuba na tarar sun hau kan juna a kusurwa, na ƙasa duk sun mutu. Har yau ban gama biyan wanda ya ba ni su bashi ba.

Malamin bayoloji:
Allah ya mayar da alheri, Hajiya, amma ba ɗaya ba ne. Fengwin ba sa hawa kan juna. Suna tsayawa ne kafaɗa da kafaɗa, duk bayan daƙiƙa 30 zuwa 60 su ɗan matsa gaba tare, kuma na gefen da iska ke duka suna zagayawa su shiga inda ke da kariya. Tsakiyar taron kan kai digiri 37. Da haka namijin ke riƙe ƙwai a kan ƙafafunsa, lulluɓe da fatar cikinsa, kimanin kwana 65 ba tare da ya ci komai ba. Wannan kuma bai amsa tambayar ƙafa ba.

Tsohon hedimasta, Ƙofar Soro:
Ni abin da ke damuna daban ne. Yaran da ba su san dalilin da ya sa shamuwa ke zuwa da damina ba, ko yadda raƙumi ke jure ƙishirwa, me ya kai mu tsuntsun da ba za su taɓa gani ba? Shekara da shekaru ina wannan magana a tarukan malamai, ba wanda ya saurare ni. Ki sauya darasin, ki ba uban haƙuri.

Mai tambaya:
Baba, ina girmama maganarka, amma na riga na koyar da raƙumi a farkon wata, kuma ba zan bar yarinya da tambaya a baki ba. Malam kuma, ban ce ƙarya ba da na ce kitse, kai ma ka ambace shi. Yara arba'in da 'yan kai gare ni, ba allon nuna hoto, ba zan iya zana musu jijiyoyi ba.

Wata malama, Ƙofar Marusa:
Yaya, ki sayi ƙanƙara, ki shafa wa hannu ɗaya na yaro man shanu cikin leda, ɗaya hannun ki bar shi haka, su tsoma a bokiti. Ni na taɓa shiryawa, rashin wuta ne ya hana ni samun ƙanƙarar.

Malamin bayoloji:
Wannan zai ƙara tabbatar musu cewa kitse ne kawai, abin da yarinyar ta riga ta gano bai isa ba. Layi biyu a allo, ja da shuɗi, manne da juna, sun wadatar. Kada kuma ki ce musu duk fengwin a ƙanƙara suke, akwai su a gaɓar Afirka ta Kudu da Namibiya.

Mai tambaya:
Farin alli kawai ake ba mu. Ina ganin zan yi na man shanun, domin shugaban makaranta yana son ya ga yara suna taɓa abu da hannunsu, maganar jini kuma in faɗe ta a baki idan lokaci ya rage. Akwai wanda ya san inda ake samun ƙanƙara da sassafe kusa da Ƙofar Ƙaura?