Idan ba ka yarda a buɗe sabon zaure ba

Na tattara shawarwarin da aka bayar a muhawarar da muka yi kan yadda mutum zai nuna rashin amincewa idan an kawo shawarar buɗe sabon zaure a dandalin intanet.

Abin da bakin kowa ya zo ɗaya a kai shi ne: ka kawo hujja, kada ka tsaya a "ban so". Hujja mafi ƙarfi ita ce akwai zauren da ke yin wannan aikin. To, ka ambaci sunansa, ka nuna saƙonni nawa ke shigarsa a mako. Idan zauren da ke da mutum ƙalilan aka raba shi biyu, duka biyun sai su mutu. Ka leƙa ka tarar saƙon ƙarshe ya yi wata huɗu, babu wanda ya tanka. Wannan yana min ciwo ƙwarai.

An kuma ce ka yi magana tun ana tattaunawa, ba bayan an yanke hukunci ba. An tuna da tsarin Usenet, wani tsohon dandalin tattaunawa na intanet, na shekarun 1990, inda sai ƙuri'un amincewa sun kai kashi biyu cikin uku, sun kuma zarce na ƙin yarda da 100, kafin a buɗe zaure.

Wasu sun ja kunne: kada a taɓa mutuncin mai shawarar. Wataƙila an yi watsi da shi ne a tsohon zauren. Ka tambaye shi wa zai kula da sabon, ka kuma miƙa masa wata mafita, ko da gyara sunan ne ko faɗaɗa na da.