Hon ɗin mota a jikin keke

Ɗan Rimi: Jama'a, na tsinto tsohon hon ɗin mota a Ƙofar Ruwa, na jona shi da dinamon kekena, ko tari bai yi ba. Ina matsalar?

Mai Faci: Ƙanena, dinamon keke wuta mai ƙarfin bolt 6 yake bayarwa, hon ɗin mota 12 yake ci. Nemi batirin babur, ka ɗaure shi ƙarƙashin kariya da tsohon tif. Ka sa fis, kada waya ta ƙone.

Baban Ummi: Ni gwangwanin madara na huda na yi gidan fitila, na maƙala faifan CD a baya, dare ya yi yana walƙiya. Hon kuwa na cire, ranar da na danna wata tsohuwa ta zubar da furarta.

Ɗan Rimi: Kai Baba! Ka biya dai?

Baban Ummi: Har kuɗin ƙwarya.