Da Miriya da Damagaram wa ya girmi wani?

Ɗan Zango: Salamu alaikum. Gardama ce ta kaure a fadarmu, har shayi ya huce. Wani ya dage cewa sarautar Miriya ta girmi ta Damagaram. Ni kuwa tun tasowata ƙauyen birnin Zinder na ɗauke ta, inda ake zuwa cin kasuwar Lahadi. Iyayenmu, a raba mana gardama.

Tsohon Mushe: Wa alaikumus salam, ɗana. Abokinka ya fi ka gaskiya. Miriya ɗaya ce cikin ƙasashen Sosebaki, ita da Dungas da Waca, kuma suna da sarakunansu, suna kai gaisuwa Barno, tun Damagaram tana ɗan ƙauye. Sai a ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya maido fada Zinder. Sarki Tanimun ya zo ya gina ganuwa, ya sa aka ƙera igwa, Sosebaki suka bi.

Amma bar sarakuna, dubi ƙasar. Birni bisa dutse yake zaune, shi ya sa har gobe daga nesa ake janyo mana ruwan famfo, su Gogo da Arunguza. Miriya, da ba ta kai kilomita 20 daga nan ba, cikin kwari take. Lokacin da nake koyarwa can, da idona na ga mai lambu ya tona rijiya, bai gama ɓacewa cikin ramin ba ƙasa ta fara jiƙa. Ga yumɓu, mata na ginin tulu da randa. Mutum ba ya barin irin wannan wuri ya fara zama kan fa, sai in tsaron kai yake nema.

Ƴar Matamaye: Baba, kwarin bai tsaya Miriya ba fa. Raken da kuke sha a birni na kwarin Korama ne, wajenmu. Gawon da ya cika gonaki daga Matamaye har Magariya ma ba shuka shi aka yi ba, tohon manoma suka daina sarewa. Da damina ya kaɗe ganye, hatsi ya yi kyau a gindinsa.

Ɗan Zango: Na gode, Baba. To Tirmini, inda aka gwabza da Faransawa a 1899, ƙasar Miriya ce?

Tsohon Mushe: Da can, i. A 2011 aka yanki Takeita da Damagaram ta Kaya daga gundumar Miriya, Tirmini ta faɗa Takeita. In taswirarka tsohuwa ce, za ka sake shan kaye a fada.