Da Nintendo ba ta juya wa Sony baya ba a 1991

Ɗan Kurna: Jama'a, ina nan a kan bakana: Nintendo ce ta haifi PlayStation, na'urar wasan bidiyo ta Sony, da hannunta. Tun 1988 suka ƙulla da Sony za a yi wa Super Nintendo na'urar faifan CD. A baje kolin Chikago na Yunin 1991 Sony ta nuna abin, sunansa ma Play Station. Washegari Nintendo ta fito gaban jama'a ta ce da Philips za ta yi. Ba don wannan cin fuskar ba, da Sony na can tana sayar da talabijin, Sega, kishiyar Nintendo, kuma na nan da ranta a harkar ƙera na'urorin wasa.

Mai Gidan Gem: Malam, ka tsallake dalilin. Yarjejeniyar ta bar wa Sony ribar wasannin da za su fito a faifai. Yamauchi, shugaban Nintendo na lokacin, ba mutumin da za a ci kasuwa a rumfarsa yana kallo ba ne. Auren nan ko an ɗaura, ba zai ga suna ba.

Anti Zee: Kuma ku daina ɗora wa Sony jinin Sega. Ita ta yi wa kanta. Ta fito da 32X, wani ƙari da ake jona wa tsohuwar na'urarta, ba a gama biyan kuɗinsa ba ta watsar, ta jefo sabuwar na'urarta Saturn a Amurka a 1995 ba shiri, dala 399. Har wasu manyan dillalanta ba su samu kaya ba, suka yi fushi.

Ɗan Kurna: Anti, tsadar 399 ai ta fito ne don Sony ta ce PlayStation dala 299 ce a rana ɗaya. Ki cire Sony. Nintendo 64 sai 1996, kuma da kaset, ba faifai ba. Square mai ƙera wasanni, da ta gudu daga Nintendo saboda kaset ba ya ɗaukar wasanta Final Fantasy VII, ina za ta je in ba Saturn ba?

Anti Zee: Wannan na ba ka. Ɗaya.

Mai Gidan Gem: Ku kuna ta Japan, ni shagona nake tunani. Faifai ne ya sa muka iya sana'ar nan, don kwafinsa na araha, kaset kuwa wa zai saya? PlayStation ɗina ta farko, da lezarta ta gaji kifa ta nake yi a kan benci kafin ta karanta, yara a tsaye da kuɗinsu a hannu suna jiran wasan ƙwallo na Winning Eleven. Ko Sega ce ta kawo faifan, da ita zan kifa.

Ɗan Kurna: Ka ga ka dawo layina ke nan.

Mai Gidan Gem: Ban dawo ba. Kutaragi, injiniyan Sony, shi ya yi wa Super Nintendo na'urar sauti, idonsa na kan harkar tun tuni. Mai irin wannan nacin ba ya jiran a mare shi.

Anti Zee: Af, samfurin Play Station ɗin nan guda an yi gwanjonsa a 2020, dala 360,000. Maigida, duba bayan shagonka ko akwai.