Sa tayil a ƙaramin banɗakin tsohon gida a Kumasi: wa ya taɓa yi, yaya ta kaya?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gidanmu na gado ne a Aboabo, kakanmu ya gina shi, ɗakuna kewaye da tsakar gida. Muna so mu gyara wurin wankan da ke ɓangaren mahaifiyarmu, mita 1.5 ne a faɗi, mita 2 a tsawo. Daɓen siminti ne, ya tsattsage, gansakuka ta kama gindin bango. Wani mai tayil ya ce a ɗora kan tsohon daɓen kawai, wani ya ce sai an fasa. Wanda ya taɓa irin wannan aiki ya ba mu labari don Allah.

Maman Yara, Asawase: Wa alaikumus salam ɗana. Mu an ɗora mana kan tsohon daɓe, mai aikin ya rantse ba abin da zai faru. Damina ta fari lafiya. Ta biyu, da aka shiga watan Yuni, in ka taka wani wuri sai ka ji yana ƙara, ƙarƙashinsa ba komai, ruwa kuma yana tsattsafowa daga layukan. Ga ƙasan ta ɗagu har ƙofa ta daina rufuwa, sai da kafinta ya yanke gindinta. Daga baya dai fasawar aka yi, kuɗi biyu.

Birkila daga Tafo Zongo: Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai ba kowane daɓe ake fasawa ba. Ka ɗauki guduma ka bubbuga ko'ina, Malam. In sautin a toshe yake kuma babu tsagar da ta ratsa, yana iya ɗaukar tayil. Naka tunda ya tsattsage, kuma Aboabo ne, unguwar da ta san ambaliya, a fasa.

Abin da ya fi damuna ma bangon ne. Yawancin tsofaffin gidajen zango na ƙasa ne aka shafe da siminti. Na sha zuwa aiki, ana ɓamɓare filasta sai ga jar ƙasa jiƙe tana zuba. Irin wannan bango ba ya riƙe nauyin tayil, kuma in ka rufe shi ruf, danshin ba ya mutuwa, hanya yake nema ya ɓulla ta ɗakin da ke bayansa. Sai ka ga fenti yana kumbura a ɗakin kwana, bango yana fitar da farin gishiri. Abin da nake yi, in wuri ya bari, sai in tayar da siririn bangon bulo daga ciki, in yi masa filasta da maganin hana ruwa, sannan tayil. Zai ci maka 'yan santimita kowane gefe, a ɗakin da dama matsattse ne, amma ya fi kwanciyar hankali.

Sai gangara. Kowace mita ɗaya ƙasa ta sauka santimita 1 zuwa 2 wajen rariya. Kafin a sa tayil ko ɗaya, ku toshe rariyar, ku cika daɓen da ruwa ya kwana. In da safe ya ragu sosai, akwai inda yake sha.

Ɗan Aboabo: Na gode Baba. Na duba, bango biyu na ƙasa ne, biyu bulo. To girman tayil fa? Ƙanwata ta nace sai manya, santimita 60 da 60, wai sun fi kyau a hoto.

Birkila daga Tafo Zongo: Ka ce mata a falo ake sa wannan. Babban tayil ba ya bin gangara, sai an yanka shi ta kusurwa kewaye da rariya, a wuri mai murabba'in mita 3 kuwa rabinsa a yanke zai tafi. 30 da 30 ko ƙasa da haka, mai kaushi.

Telan Sawaba: Ni ban yarda gaba ɗaya ba, Baba. Namu manya ne kuma ruwa ba ya kwanciya, domin doguwar rariya aka sa a jikin bango ɗaya, ƙasan duka ta karkata gefe guda. Layuka kaɗan, wanki da sauƙi. Amma maganar kaushi ba gardama. Surukata ta zame a kan mai sheƙi a gidan ɗanta, ƙugu ya goce, har yau da sanda take tafiya. Wurin da tsohuwa za ta shiga da bokiti da sabulu, ka jiƙa tayil ɗin tun a shago ka goga tafin hannu ka ji. Ku sa mata ƙarfen dafawa a bango, da ɗan dakali na zama don alwala.

Mai Famfo, Akwatia Line: Kada a rufe komai sai an ga bututu. Tsofaffin gidajen nan bututun ƙarfe ne, ciki duk tsatsa. A canza su da na roba tun bango yana buɗe, a saki ruwa a duba kowace mahaɗa. Rariya kuma a sa mai riƙe ɗan ruwa a wuyanta, ita ke tare warin kwata da kyankyasai. In za ku haɗa da masai, ku tuna alƙibla kafin a kafa shi, mu nan gabas take ta ɗan karkata arewa. Na taɓa cire wanda aka riga aka kafa saboda Alhajin gidan ya dawo daga tafiya ya ga inda ya fuskanta.

Maman Yara, Asawase: Kuma ɗana, gidan gado ne, ka sanar da baffanninka kafin guduma ta taɓa bango. Mu rigimar wa zai biya ta fi aikin daɗewa.

Direba, Moshie Zongo: Ni wajen saye zan yi magana. Yanzu ba sai na Sin ko Sifaniya ba, ana yin tayil a ƙasar nan, kamfanin Twyford a Shama suke yi, kusa da Takoradi. Ko wanne za ka ɗauka, ka duba lambar da ke jikin kwali ta zama ɗaya, don launi yakan bambanta daga gashi zuwa gashi ko da sunan ɗaya ne. Ka ƙara kamar kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ka ɓoye ragowar a ƙarƙashin gado. Mu guda uku suka fashe bayan shekara, na zagaya shaguna har Adum ban sami irinsu ba, yanzu banɗakin kamar rigar faci.

Wani abu da mai aikinmu ya nuna min: tayil mai jan baya yana shan ruwa, sai an jiƙa shi kafin a ɗora kan kwaɓin siminti. Mai tauri kuwa, wanda ba ya shan ruwa, gam ɗin tayil na buhu yake so, siminti zalla ba ya kama shi da kyau.

Birkila daga Tafo Zongo: Haka ne. In kuma aikin ya kai ku hunturu, Disamba ko Janairu, iskar tana busar da siminti kafin ya yi ƙarfi, sai an riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma. Bayan an cike layuka a bar shi aƙalla kwana biyu ba wanka. Ku tanadar wa Mama wani wurin tun yanzu, ko da zana ce da langa-langa a bayan gida, don in ba haka ba yaran haya za su shiga da dare su taka muku aiki.